Notis Daga Mai Gidan da Ban Taɓa Gani Ba

Saƙon ya shigo ina tsakiyar walda,
tartsatsi na zuba a kan takalmina:
wai manhajar da nake ajiya a cikinta
za ta rufe ƙofa ƙarshen wata,
kowa ya kwashe nasa.

Ashe shekara bakwai haya nake ban sani ba,
a ɗakin da ba shi da rufi balle daɓe.
Mai gidan ma ban san fuskarsa ba,
balle in tura dattijo ya roƙa mini wata guda.

Na rufe shagona a Panteka bayan magariba,
na wanke baƙin ƙarfe da omo da yashi,
na miƙa wa Saude wayar a tsakar gidanmu na Badarawa.
Ta buɗe kwamfuta a kan turmi.
"Baba, dubu ɗaya da ɗari biyu ne fa!
Ko juji bai kai ka tara tarkace ba."

Tarkace, in ji ta.
Ga awon ƙofar Yohanna na Barnawa,
ƙafa goma sha biyu, da tsuntsu biyu a samanta.
Ga farashin rodi na shekarun baya,
wanda yau in ka karanta sai ka ce gatanan gatananku.
Ga bashin Tanimu mai injin markaɗe,
ya biya rabi, ya hau motar Kafanchan, ya ce zai turo.
Ga jerin magungunan Inna, safe da dare.
Ga wata lamba, a kanta na rubuta "mai jan hula".
Wane ne shi? Allah kaɗai ya sani.

Ta danna wurin fitarwa.
Wani shuɗin layi ya fara rarrafe
kamar tirela a cunkoson Kawo.
Ya kai rabi, aka ɗauke wuta.
Ya kai kusan ƙarshe, data ta ƙare.
Na aiki yaro da ɗari biyar.

Rubutu dai ya fito, amma tsirara.
Hotuna da rasiɗan da na liƙa masa
duk sun tsinke, sun zube a wani buhu dabam,
sunayensu sun koma lambobi.
Awo can, zane can,
kamar an kwance ƙofa ɗari
an haɗa kusoshinsu a gwangwani ɗaya.

Sai muka zauna tsinta, ɗaya bayan ɗaya,
ita tana buɗewa, ni ina faɗin mai shi.
Sauro na cizo, shayi ya huce.

A na ɗari huɗu da tara babu hoto.
Ta taɓa, sai ga tari,
sai guduma tana amsawa daga nesa,
sai muryar Malam Gambo, maigidana,
wanda muka kai makwanci damina uku da suka wuce:

"Ɗanlami, ba a walda a kan tsatsa.
Goge tukuna.
Abin da gaggawa ta haɗa, ruwan sama zai raba."

Daƙiƙa goma sha tara ce.
Ban san ranar da na naɗe ta ba.
Saude ba ta ƙara cewa tarkace ba.

Ta ajiye muryar wuri uku:
a kwamfuta, a wayarta, a wani ɗan filashi
da bai kai ɗan yatsana ba.
Ni kuma na ɗauko littafin rasiɗi,
na juya bayansa, na rubuta maganar da biro,
don takarda ba ta taɓa ba ni notis ba.

Saura ɗari takwas, sai gobe.
Mai jan hula ma na ce a taho da shi,
wa ya sani ko ni yake bi bashi.

Da asuba na lanƙwasa guntuwar waya,
na goge ta tas,
na ɗaure filashin a jikin makullin shago.